Wa Ya Ƙwace Bakin Zainabu?

Ya 'yan'uwa ɗalibai, a zangon karatun da ya wuce wata 'yar'uwarmu ta kai wa wani malami batun da take so ta rubuta kundin digirinta a kai, watau yadda aka siffanta mace a ƙagaggun labaran Hausa. Malamin ya dubi takardar, ya yi murmushi, ya miƙa mata abarta, ya ce ta je ta nemo abin da ya shafi adabi, wai wannan hirar gidan kitso ce. Da muka kawo maganar gaban taron muhawara na ƙungiya, sai wani ɗan'uwa ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya ce ra'in matantaka kayan aro ne daga Turai, an ƙago shi domin a fitar da mata daga ɗakunansu, kuma adabin Hausa bai taɓa wulakanta mace ba. Aka yi ta tafi har da buga tebur. Ran nan mun yi shiru domin an fi mu yawan murya. Yau ga amsarmu a rubuce, inda ihu ba ya aiki.

Abin da wannan hanyar tarke take tambaya ba wani abu ne mai wuya ba. In an buɗe littafi an tarar da mace a ciki, sai a ce: me ita take so, kuma daga bakin wa muka ji? In littafin ya amsa, madalla. In kuwa aka karanta shi daga bango zuwa bango ba a sami amsa ba, to, wannan shirun ma abin nazari ne, kamar yadda ake nazarin jigo da salo da zubi da tsari. Wanda ya ce wannan ba adabi ba ne, sai ya gaya mana abin da adabi yake.

Bari mu fara da littattafan da aka yaye mu da su tun muna sakandare, watau 'ya'yan gasar nan ta 1933 da Rupert East ya shirya a ƙarƙashin hukumar talifi ta Zariya. Ku ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Kowa ya san labarin. Abubakar yana son Zainabu, Zainabu tana son Abubakar. Malam Shehu, attajiri marar haihuwa, ya yi mafarki cewa ta wurinta zai sami magaji. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure. Daga nan sai littafin ya bar amarya a ɗaki ya bi Abubakar cikin dazuzzuka yana neman asirin ramuwa, kana ya dawo ya bi Kyauta, ɗan da aka haifa, yadda asirin ya kama shi ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin ajalin mahaifinsa. Mun san zafin zuciyar Abubakar filla-filla, mun san nadamar Malam Shehu, mun san wahalar Kyauta. To, ita fa? Yarinyar da aka raba da masoyinta, aka kai ta gidan wanda yake kallonta kamar gonar da zai shuka iri, ta haifi ɗa guda, aka lalata mata shi tana ji tana gani saboda gabar maza biyu: ina aka zauna aka shiga zuciyarta kamar yadda aka shiga ta Abubakar? 'Yan kalmomin da aka sa mata a baki ba su wuce abin da zai tura labarin mazan gaba ba. Duk bala'in littafin a kanta ya sauka, amma an karantar da mu shi shekara da shekaru a kan cewa jigonsa ramuwar gayya ce tsakanin saurayi da attajiri. A jarrabawa ma haka muka amsa, aka ba mu maki, muka wuce. Ba wanda ya ce mana akwai auren da aka saya da kuɗi a tsakiyar littafin, kuma wadda aka saya ɗin mutum ce.

Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi wannan nisa, kuma tilas mu yi masa adalci. In ana neman jarumi a littafin nan, to, uwar Umar ce. Shi Umar sace shi aka yi yana yaro, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin Balarabe mai kirki, ya yi karatu ya zama shehun malami. Abin da ya same shi, samunsa ya yi. Ita kuwa da ƙafarta ta fita neman ɗanta, mace ita kaɗai a zamanin da ake farautar mutane, aka yaudare ta, aka bautar da ita, aka ƙetare hamada da ita, ba ta fasa ba. Ɓalewa ya nuna muguntar cinikin bayi ta jikin matar nan fiye da yadda ya nuna ta ta jikin kowa. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, littafin sunan ɗan yake ɗauke da shi, kuma ɗan ne yake zaune kan buzu yana ba almajiransa labari, har yau kuwa ba mai tuna ta da wani suna in ba uwar Umar ba. Na biyu, tana yin ido biyu da ɗanta sai ta cika. Aikinta ya ƙare, ba sauran abin da marubuci zai yi da ita. Mace a wannan zubi tana da daraja matuƙar tana wahala domin wani. Ranar da wahalar ta yanke, ranar labarinta yake yankewa.

Ruwan Bagaja kuwa abin nasa har da ban dariya. Kafin Abubakar Imam ya ɗauki alƙalami, sunan nan na tatsuniya ne da kakanninmu mata suke yi wa jikoki da dare: 'yar bora ce aka tura wanki ruwan Bagaja, ta yi doguwar tafiya, ta gamu da abubuwan al'ajabi, ladabinta da hankalinta suka fisshe ta, ta komo da arziki. Tafiyar ta yarinya ce, masu ba da labarin mata ne. Da abin ya shiga ɗab'i sai tafiyar ta koma ta Alhaji Imam da abokin dabinsa Malam Zurƙe, mata suka koma 'yan gefen hanya. A Magana Jari Ce wadda ta fi zama a zukatan yara ita ce Kalalatu, mai cinye kajin baƙo ta kuma haɗa shi da mijinta da ƙarya. Ba mu ce kada a yi dariya ba, mu ma mun yi. Imam gwani ne, wanda ya ce ba gwani ba ne bai san Hausa ba. Sai dai yaron da ya tashi bai ga mace a littafi ba sai mai haƙuri da ke kuka ko mai kissa da ke ƙulla tuggu, in ya girma ya zama alƙali ko magatakarda, da wane ido zai dubi matar da ta tsaya gabansa tana ƙara?

Kada a ce haka matan zamanin suke, marubutan abin da suka gani suka rubuta. A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi da Ingilishi a 1954 da sunan Baba ta Karo. Baba tsarar uwayen marubutan nan ce. Ta ga harin bayi, ta ga zuwan Nasara, ta yi aure fiye da ɗaya, ta kuma fita daga wanda ranta bai kwanta da shi ba. Tana da ƙawaye, tana da sana'a, tana da ra'ayi a kan sarakuna da malamai da 'yan bori. Ga mace Bahaushiya ta gaske, bakinta cike da magana. Me ya hana irinta shiga littattafan 1933? Amsar tana ga wanda aka ba alƙalamin. 'Yan mulkin mallaka sun buɗe Kwalejin Katsina domin 'ya'ya maza, daga cikinta Imam da Ɓalewa suka fito, a cikinta Bello Kagara mai Ganɗoki ya koyar. Bature ne ya zagaya ya nemi malamai maza su rubuta, shi ya tace, shi ya buga, domin a karanta a makarantun da kusan duk 'yan ajin maza ne. Namiji ya rubuta, namiji ya gyara, namiji ya karanta. Zaure ne ya ba da labarin cikin gida, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ya kawo mu ga ɗan'uwanmu mai zancen kayan aro. Wai shin ƙagaggen labarin kansa, a rubutun boko, cikin bango biyu, daga ina ya zo? Ashe in East ya kawo siga karɓaɓɓiya ce, amma in ɗiyar Bahaushe ta yi tambaya a kan abin da aka zuba cikin sigar, sai ta zama 'yar koren Turawa? Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata suna shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Mahaifinta Shehu Usmanu ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje. Wace jami'ar Ingila ce ta koya musu? Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin matan Arewa, waɗanda ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976. Mariama Bâ ta Senegal, Musulma 'yar Musulmi, ta rubuta littafinta na 1979 a bakin mace mai takaba tana yi wa ƙawarta wasiƙa. Ba mu musun cewa akwai abin da matan Turai da Amurka suke nema wanda mu ba ma nemansa. Amma tambayar ko mace mutum ce mai baki, wannan a gidanmu aka haife ta, ta kuma girmi jami'ar da muke ciki.

Sai da aka yi shekara arba'in da bakwai bayan waccan gasar, watau a 1980, sa'an nan kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya zo na biyu a gasar da kamfanin ya sa. Ƙaramin littafi ne, amma a cikinsa Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta buɗe baki ta ce ga wanda take so, ko da ba jininsu ɗaya ba, ta kuma tsaya a kan maganarta. Abin da aka hana Zainabu ke nan. Daga nan ƙofa ta ɓalle. Da tattalin arzikin ƙasa ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa tare da atamfa da turare.

A cikin waɗannan, wadda muke so mu daɗe a kanta ita ce Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙaramar yarinya. A Wa Zai Auri Jahila? ta ɗauki Abu, yarinyar da mahaifinta ya hana karatu, saurayin da aka yi mata alkawari ya guje ta don wai jahila ce, aka kuma ɗaura mata Sarkin Noma, sa'an ubanta. Ku duba wannan tarko: namiji ya hana ta ilmi, wani namijin ya ƙi ta saboda rashin ilmin, na uku ya same ta a arha. Marubuciyar ba ta kawar da kai daga daren farko ba, ta kira abin da sunan da ya dace da shi. Abu ta gudu birni, ta yi karatu, ta tsaya da ƙafarta. A Alhaki Kuykuyo Ne kuma ga Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda Alhaji Abdu ya kora da ita da 'ya'yan saboda amaryarsa Delu. A nan ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba a littattafan zaure: lissafin cefane, kuɗin makaranta, yadda mace take kafa tukunya ta sayar da abinci ta riƙe gida, yadda dangi suke taruwa a yi shawara. Wannan shi ne tattalin arzikin da rabin al'ummarmu suke rayuwa a ciki, kuma 'yan'uwanmu masu zagin jari-hujja a kowane taro ba su taɓa ganin sa a matsayin siyasa ba, don a madafa yake faruwa.

Ƙarshen littafin ne ya fi tsaya mana a rai. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta watsar da shi, sai aka taru a kan Rabi, wadda ta riga ta gina rayuwarta, aka matsa mata ta koma. Wasu manazarta suna karanta wannan a kan cewa haƙuri ya yi riba, miji ya dawo. Mu ba haka muka karanta ba. Mun ga mace da ta yi nasara, al'umma ta zo ta karɓe nasarar ta miƙa wa wanda ya tozarta ta, don kada a ce namiji ya wulakanta. Balaraba ba ta yi mana ƙaryar cewa duniya ta gyaru ba. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar littafin da Aliyu Kamal ya yi zuwa Ingilishi, ana karanta shi a ƙasashen da ba su san inda Kano take ba, amma a nan gida a ce wa ɗaliba hirar gidan kitso ce.

Wannan raini yana da tarihi. Tun shekarun 1990 aka laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana kariya. Waccan muhawara ce ta masana, kowa da hujjarsa, kuma ta amfane mu. Abin da ba muhawara ba shi ne na 2007, lokacin da hukumomi a Kano suka tara littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a, da sunan gyaran tarbiyya. Muna tambaya: littafi ne ya aurar da 'yar shekara goma sha uku? Littafi ne ya saki mace da goyo ya hana ta abinci? An bar mai yin abin, an ƙone mai faɗar sa.

To, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In mun tsaya a kan cewa duk abin da mace ta rubuta daidai ne, mun zama 'yan amshin shata, ba matarka ba. Ku buɗe goma daga cikin littattafan da ake karantawa a rediyo ko ake turawa ta WhatsApp yau, ku ga tauraruwar: fara ce sol, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya, in an bincika ma kakarta Balarabiya ce ko Bafulatana. Baƙar mace gajera, irin mafi yawanmu da iyayenmu, sai dai ta fito a 'yar aiki ko muguwar kishiya. Wannan wace irin ƙiyayyar kai ce, kuma wa zai ce ba ta da hannu a cinikin man shafe-shafen da yake ƙona fatar 'yan'uwanmu? Sa'an nan maganin kowace matsala attajiri ne. Yarinya ta sha wuya shafi ɗari biyu, sai ga wani Alhaji matashi da mota ya share mata hawaye. Ko a littafin Balaraba, auren Saudatu da mai kuɗi yana cikin abin da ya ɗaga gidan Rabi. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta cika littattafanta da mata masu digiri da aikin yi, mun kuma gode mata, domin 'yan mata da yawa sun ga kansu a jami'a ta cikin shafukanta kafin su taka ta da ƙafa. Amma sau da yawa ilmin yakan ƙare ne a matsayin ado na riƙe miji, tare da girki da kwalliya da iya magana. Malam Shehu ya sayi Zainabu da dukiya ba da sonta ba. In jikanyarta ta rubuta littafin da tauraruwa take addu'ar Allah ya kawo mai sayenta, to, an sami baki, amma tsohon karatun ake maimaitawa da shi. Mugu kuma kullum mace ce: kishiya, uwar miji, ƙanwar miji, boka ma sai mace ta kai masa kuɗi. Mijin da ya tara su a gida ɗaya ya kasa adalci yakan fita da farar riga, wai asiri aka yi masa.

Irin wannan tarke ne 'yar'uwarmu ta so ta yi, wanda ba ya ƙyale Imam don girmansa, ba ya kuma ƙyale marubuciya don mace ce. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata, mata suka yi ta aiko da labarai, ga kuma Mace Mutum na Rahma Abdulmajid da ire-irensa suna jiran mai nazari. Kayan aiki sun taru, masu aikin ake korewa daga bakin ofis.

Ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita, kuna zaune a ma'aikatun ilmi da hukumomin jarrabawa da gidajen rediyo, ku ne kuke rubuta jerin littattafan da ƙannenmu za su karanta, ku ne kuke tsara tambayoyin da za a yi musu. Ba mu ce a cire Jiki Magayi ba. A bar shi, a ajiye Wa Zai Auri Jahila? kusa da shi, a ce wa yaro ya gwada Zainabu da Abu ya faɗi abin da ya gani. Mu kuma a nan, mun shigar da takarda ga majalisar ƙungiya muna neman a sake buɗe muhawarar nan a zango mai zuwa, da sharaɗin duk mai son yin magana ya zo da littafin da ya karanta a hannunsa, ya nuna shafi. Ɗan'uwanmu mai hula muna gayyatarsa, kujerar gaba ma za mu ajiye masa. 'Yar'uwarmu kuwa ta sake buga takardarta ba ta canja ko wasali ɗaya ba, ranar Litinin za ta mayar wa malamin, mu goma sha ɗaya za mu raka ta.